Sa wa jariri barci don gyaran hanyar abincin da ta haɗe da hanyar iska

A cikin kowace haihuwa 3,000 zuwa 4,000 akan sami jariri ɗaya da hanyar abincinsa ba ta kai tumbi ba. Ɓangarenta na sama yakan tsaya a ƙirji, a rufe kamar aljihu. A kusan kashi 85 cikin 100 na irin waɗannan jarirai, ɓangaren ƙasa da ya taso daga tumbi yakan je ya buɗe a bayan bututun iska ta wata 'yar hanya da likitoci ke kira fistula. Shi ne nau'in C a rabe-raben da likitan tiyata Robert Gross ya yi wa wannan matsala, kuma a kansa bayanin nan zai tsaya. Likitan tiyata Cameron Haight ne ya fara cin nasarar ɗaure fistular da haɗa hanyar abincin a aiki guda, a jihar Michigan ta Amurka, a 1941.

Wahalar likitan sa barci guda ce. Tun daga numfashin farko da ya matsa wa jaririn da jakar hura iska har lokacin da aka ɗaure fistular, iskar tana da hanya biyu: huhu ko tumbi. Inda ya fi mata sauƙi nan za ta bi. In ta bi tumbi, ciki ya kumbura, ya danne huhu daga ƙasa, huhu ya ƙara tauri, iskar ta ƙara karkata zuwa tumbi. Duk abin da za a faɗa a ƙasa dabara ce ta hana wannan zagaye farawa.

Kafin a shiga ɗakin tiyata

Alamun sukan bayyana tun sa'o'in farko: ruwan mahaifa ya yi yawa lokacin goyon ciki, jariri yana fitar da kumfar yawu ta baki da hanci, da zarar ya kama nono sai ya ƙware, leɓe da harshe su yi duhu. A zura bututu mai ɗan kauri, lamba 10, ta baki. Zai tsaya cak a wajen santimita 10 zuwa 12 daga leɓe. Siriri yakan naɗe a cikin aljihun ya yaudari mai zurawa, ya zaci ya kai tumbi. Hoton ƙirji da ciki a fim ɗaya zai nuna inda bututun ya tsaya. In akwai iska a tumbi, to akwai fistula a ƙasa.

A asibitocinmu ba kasafai jaririn ke zuwa a ranar haihuwa ba. Yakan iso bayan kwana biyu ko uku, an riga an yi ta gwada masa nono, wani lokaci da ruwan dabino ko zamzam, duk sun gangara huhu. Irin wannan jariri huhunsa ya riga ya kamu, musamman saman huhun dama, kuma jikinsa ya bushe. Gaggawar kai shi tebur a wannan hali kuskure ne. Kwana ɗaya ko biyu na gyara shi yakan fi amfani, sai fa in ciki na kumbura har numfashi na gagara.

A tsayar da duk wani abu ta baki. A sa bututun Replogle mai rami biyu, lamba 10, ko 8 ga bakwaini, a cikin aljihun sama, a haɗa shi da na'urar zuƙa a ƙaramin ƙarfi ba yankewa, ana ɗan wanke shi da ruwan gishiri domin yawun na da kauri, yana toshe shi. Inda babu Replogle, a riƙa zuƙewa da hannu duk minti 10 zuwa 15. A ɗaga kan gado kamar digiri 30 don kada ruwan tumbi ya hauro ta fistula. A ba da bitamin K miligiram 1, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tanadi jini.

Kusan rabin jariran nan na da wata matsalar halitta a wani wuri: ƙashin baya, dubura, zuciya, ƙoda, ko hannu. Ta zuciya ce ta fi yanke hukunci. A rabe-raben da likitan tiyatar yara Lewis Spitz ya fitar a 1994, jariran da suka haura giram 1,500 kuma ba su da babban ciwon zuciya sun rayu kashi 97 cikin 100, waɗanda suka haɗa ƙarancin nauyi da ciwon zuciya kuwa kashi 22 kacal. Don haka hoton zuciya na eko ba abin tsallakewa ba ne. Zai nuna ko jinin jaririn ya dogara da jijiyar nan ta haihuwa da ke haɗa manyan jijiyoyi biyu, wadda sai an riƙe ta a buɗe da maganin furostagilandin. Zai kuma nuna ɓangaren da babbar jijiyar jini ta lanƙwasa. A 'yan kaɗan daga cikinsu ta dama take bi, kuma hakan na iya sa likitan tiyata ya buɗe ta hagu.

Lissafi da kayan aiki

A ɗauki jariri mai kilo 2.5 a matsayin misali, a rubuta komai a takarda tun kafin ya shigo. Jinin jikinsa gaba ɗaya, a kan mililita 85 ga kowane kilo, kusan mililita 212 ne. Zubar mililita 21 ya zama kashi 10 cikin 100 ke nan. Ruwan gulukos mai kashi 10 a kan mililita 60 ga kilo a rana ya kama mililita 6 da ɗoriya a awa, kuma ba a tsayar da shi lokacin aiki. Aturofin, maganin hana saukar bugun zuciya, maikirogiram 20 ga kilo, wato 50. Adirenalin na farfaɗowa maikirogiram 10 ga kilo, wato mililita 0.25 na haɗin 1 cikin 10,000, a zuƙe shi a sirinji a manna masa suna.

Bututun numfashi lamba 3.0, da 2.5 da 3.5 a gefe. An fi son wanda ba shi da 'yar tagar nan ta gefe kusa da baki, domin tagar na iya faɗawa daidai kan fistula ta riƙa hura tumbi. Kanula biyu, wato 'yan bututun ƙarin ruwa a jijiya. Na'urar auna oksijin biyu, ɗaya a hannun dama, ɗaya a ƙafa. In da hali, a sa layi a jijiyar bugun jini, ta cibiya ko ta wuyan hannu, don auna iskar jini. Abin sauraren ƙirji a manne shi da filasta a hammatar hagu, wadda za ta koma ƙasa in an juya jaririn. Wannan ɗan abu mai araha yakan riga duk wata na'ura sanar da cewa bututu ya goce.

Ɗaki ya yi ɗumi, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a naɗe kai da ƙafafu da auduga, a ɗumama ruwan da za a ƙara. Zafin jiki ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 na ma'aunin Salshiyos.

Fara barci

Likitan tiyata ya kasance a ɗakin, ya wanke hannu, kayan buɗe ciki na kusa. Ba a fara barcin wannan jariri alhali likitan tiyata na hanya.

A zuƙe aljihun sama sosai, a ba da oksijin, a ba da aturofin. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a bar jaririn yana numfashi da kansa: iskar sa barci ta sebofuluren ta takunkumi a hankali, ko ketamin miligiram 1 zuwa 2 ga kilo a jijiya kaɗan-kaɗan. Numfashin kansa yana jawo iska zuwa huhu ne, ba ya tura ta tumbi. Inda halotan ne kawai iskar sa barcin da ake da ita, a sa ido sosai kan bugun zuciya domin yana rage shi. Kada a taɓa iskar naitiros. Tana shiga duk inda iska ta taru ta faɗaɗa shi, tumbi kuwa ya riga ya cika. In dole ta sa a taimaka da jaka, a yi da yatsu biyu, ƙananan numfashi, matsin kada ya wuce santimita 15 na ruwa, ido na kan ciki.

Akwai cibiyoyi da dama da ke ba da maganin sake tsoka tun farko su hura a hankali, kuma suna samun sakamako mai kyau. Wannan na tafiya daidai ne in fistular ƙarama ce kuma huhun lafiyayye. Matsalar ita ce kafin a leƙa ba wanda ya san girmanta. Ga jaririn da ya zo da ciwon huhu, ko bakwainin da huhunsa ke da tauri, a bar masa numfashinsa har a gani da ido.

Leƙa hanyar iska

In barci ya yi nauyi, a fesa lidoken, maganin kashe zafi, a kan igiyoyin murya, kada ya wuce miligiram 3 ga kilo. Ga jaririn misalinmu mililita 0.75 ke nan na mai kashi 1. Sai a shiga da madubin leƙa hanyar iska, mai tauri ko mai lanƙwasa. Minti biyu ko uku da za a ɓata a nan su ne suka fi kowane daraja a aikin.

Abin da ake nema: ina fistular take, kuma nawa ne tsakaninta da mararrabar da bututun iska ya rabu biyu? Galibi tana jikin bangon baya mai laushi, kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya sama da mararrabar. Wani lokaci a kan mararrabar take daidai, sai a ga ramuka uku a jere maimakon biyu. Girmanta fa? Wadda ta wuce milimita 3 ita ce ke ba da wahala, har bututun numfashi na iya shigewa cikinta. Akwai fistula ta biyu daga aljihun sama? Akwai tsaga a bayan maƙogwaro tsakanin hanyoyin biyu? Bangon bututun na manne wa juna in jariri ya fitar da numfashi? Akwai wani reshe da ya fita kai tsaye daga jikin bututun zuwa saman huhun dama? In akwai shi, tura bututun numfashi ƙasa sosai zai toshe shi, wannan ɓangaren huhun ya lotsa. In kuma aka ga zoben guringuntsi ya zagaye bututun gaba ɗaya ba laushi a baya, to hanyar a ƙuntace take, kada a tura komai da ƙarfi. Kumburin milimita ɗaya a irin wannan wuri ya isa ya rufe ta.

Ajiye bututun numfashi

Bututun iskar jariri sabon haihuwa bai fi santimita 4 zuwa 5 ba daga igiyoyin murya zuwa mararraba. Wurin da ake so bakin bututu ya zauna, ƙasa da fistula amma sama da mararraba, sau da yawa bai kai santimita ɗaya ba.

Ga yadda ake yi. Lokacin shiga, a juya yankakken gefen bakin bututun ya dubi baya, ta yadda tsininsa zai bi bangon gaba ya wuce bakin fistular. A tura shi da gangan har ya shiga reshen dama. Za a ji numfashi ya ɗauke a hagu. Sai a riƙa janyo shi milimita-milimita, kunne na hammatar hagu, har numfashi ya dawo. A tsaya nan. A juya bututun yankakken gefen ya dubi gaba, dogon gefen ya kwanta kan bangon baya ya rufe fistular. A saurari kan tumbi: in ana jin iska na shiga da kowane matsi, an janyo da yawa. A bisa ƙa'idar da aka saba, nauyi a kilo a ƙara 6, jaririnmu zai tsaya a santimita 8.5 a leɓe, amma a nan bututun yakan zarce haka. In akwai madubi mai lanƙwasa na milimita 2.2, yana shiga bututu lamba 3.0, a tabbatar da ido. A ɗaure da filasta sosai, a rubuta lambar da ke leɓe.

In fistular na kan mararraba, babu wurin da za a zauna ƙasa da ita. Zaɓi uku ne. A tsaya sama da ita, jariri na numfashi da kansa ko ana taimaka masa da ƙaramin matsi har a ɗaure. Ko a zura siririn bututun Fogarty lamba 2 ko 3 cikin fistular a hura balan-balan ɗinsa ya toshe ta. Ko a tura bututun numfashi cikin reshen hagu a yi aiki da huhu ɗaya. Fogarty na da haɗarinsa: in ya zame ya dawo cikin bututun iska, zai toshe numfashi gaba ɗaya nan take. Duk wanda ya sa shi, sirinjin sace iskar balan-balan ɗin ya kasance a hannunsa.

In an gamsu cewa huhu na karɓar iska kuma ciki ba ya tashi, ana iya ba da maganin sake tsoka atirakuriyom miligiram 0.5 ga kilo da maganin kashe zafi fentanil maikirogiram 1 zuwa 2 ga kilo. In ba a gamsu ba, a jinkirta maganin sake tsokar.

Juyawa da buɗe ƙirji

Ana kwantar da jaririn a gefen hagu, hannun dama a sama, a shiga ta tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5, galibi ta bayan tantanin huhu ba tare da an fasa shi ba. Juyawar nan kaɗai na iya kawar da bututu. Sunkuyar da kai na tura shi ƙasa, ɗaga haɓa na janyo shi sama, kuma motsin na iya kai santimita ɗaya, wato duk filin da ake da shi. Bayan an juya a sake saurare daga farko kamar yanzu aka sa bututun.

Har a ɗaure fistular, jaka a hannu ta fi na'ura, domin hannu na jin canjin taurin huhu kafin lamba ta nuna. Kowane numfashi mililita 5 zuwa 6 ga kilo, sau 30 zuwa 50 a minti. Oksijin a jini tsakanin 90 da 95 ya wadatar, musamman ga bakwaini da yawan oksijin ke lalata wa ido. Hawan kabon dayoksaid kaɗan abin haƙuri ne. Ƙara matsi don a sauke shi ya fi shi illa. Lambar da na'ura ke nunawa a ƙarshen numfashi takan yi ƙasa da gaskiya a wannan aiki, a dogara da gwajin jini.

Likitan tiyata zai tura huhun dama gaba, yakan ɗaure wata jijiyar jini da ake kira azigos, ya nemo fistular a bayanta. A nan oksijin ke yawan faɗuwa. In ya faɗi, a faɗa da ƙarfi, a bi dalilan da sauri. Numfashi ya ɗauke a hammatar hagu: bututu ya shige reshen dama, huhun da aka danne. Layin kabon dayoksaid ya ɓace a na'ura, ciki na tashi: bututu ya faɗa fistula, kuma likitan tiyata na iya jin sa da yatsa. Jaka ta yi tauri farat ɗaya daidai lokacin da aka ja wani abu: ƙarfen ja ya lanƙwasa bututun iska mai laushi, a ce ya saki. Jaka na ƙara tauri a hankali: gudan jini ko majina a bututu mai faɗin milimita 3, a zuƙe, in bai fita ba a canza shi. In ba ko ɗaya, huhun ne ya gaji da danniya, a dakata a hura shi na minti ɗaya ko biyu. Gara a yi yarjejeniya tun farko cewa za a riƙa wannan hutun lokaci-lokaci. Saukar bugun zuciya a wannan aiki rashin oksijin ne har sai an tabbatar da wani dalilin, kodayake jan jijiyar begos, mai rage bugun zuciya, da danne manyan jijiyoyin jini ma na kawo shi.

In ciki ya kumbura har iska ta daina shiga huhu, a cire jakar daga bututun na ɗan lokaci, likitan tiyata ya sace iskar tumbi da allura ko ya huda shi ya sa bututu. Sai dai a sani, da zarar an buɗe tumbi an samar wa iska hanya mafi sauƙi, kuma duk numfashin na iya bi ta nan ya fice. A tsoma ƙarshen bututun tumbin cikin ruwa, ko a riƙa matse shi ana saki. In ƙirji a buɗe yake, mafi sauri shi ne likitan tiyata ya matse fistular da yatsa.

Kafin a yanke, a yi gwaji. Likitan tiyata ya matse abin da yake zaton fistula ce, mai sa barci ya hura, a ga huhun dama ya tashi, a ji na hagu na karɓa. An taɓa ɗaure reshen huhu a madadin fistula, kuma wannan gwaji na daƙiƙa goma ne ke hana hakan. A kuma tabbatar bakin bututun numfashi ko Fogarty ba ya cikin abin da za a ɗinke. Bayan an ɗaure, a janyo bututun ya koma tsayinsa na ƙa'ida, a zuba ruwan gishiri mai ɗumi a kan ɗinkin, a hura a hankali a ga ko kumfa zai fito.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. Mai sa barci zai tura bututu mai kauri cikin aljihun sama don likitan tiyata ya gane ƙarshensa, sannan a zura siririn bututun ciyarwa ta hanci ya ratsa wurin haɗin zuwa tumbi. A ɗaure shi da kyau a rubuta a jikinsa kada a cire. In ya fita ba a mayar da shi a makance. A riƙa auna sukarin jini duk awa, kada ya sauka ƙasa da milimol 2.6 a lita. Jinin da ya zuba a auna shi ta nauyin ƙyallen da aka goge, giram ɗaya mililita ɗaya, a mayar da ruwa mililita 10 ga kilo a kowane karo, jini kuma 10 zuwa 15 ga kilo in buƙata ta taso.

In da madubi ake aikin ta ƙananan huda, ana hura kabon dayoksaid a ƙirji a matsin milimita 4 zuwa 6 na ma'aunin hawan jini. Jiki na shanye shi, jini ya yi tsami, jariri ya yi sanyi. A riƙa gwada iskar jini akai-akai, kuma a amince tun farko da matakin da in an kai za a koma buɗe ƙirji.

Kashe zafi da farkawa

Likitan tiyata na iya yin allurar bufibaken, maganin kashe zafi, a tsakanin haƙarƙari kafin ya rufe, jimilla kada ta wuce miligiram 2 ga kilo, wato mililita 2 na mai kashi 0.25 ga jaririnmu. Siririn bututu ta ƙasan ƙashin baya da ake turawa har ƙirji na aiki sosai, amma sai an tabbatar ƙashin bayan lafiya yake, kuma bufibaken ɗin da ake ɗigawa kada ya wuce miligiram 0.2 ga kilo a awa, na kwana biyu. Farasitamol ta jijiya miligiram 7.5 zuwa 10 ga kilo, kada ya haura 30 ga kilo a rana. Mofin sai inda ake iya sa ido kan numfashi dare da rana.

Cire bututu a tebur ya dace da jaririn da ya cika wata tara, mai lafiyar zuciya da huhu, mai ɗumin jiki, wanda aka haɗa hanyar abincinsa ba tare da ja ba. Yana kare ɗinkin daga gogar bututu. Amma a auna da kyau, domin mayar da bututu cikin gaggawa, da ɗaga haɓa da hura iska ta takunkumi, shi ne abin da ya fi yaga ɗinki. Bakwaini, da mai ciwon huhu, da wanda bututun iskarsa ke manne wa, su tafi da bututunsu. Wanda aka ja hanyar abincinsa da ƙarfi kafin ta haɗu akan bar shi a na'urar numfashi kamar kwana biyar, tsoka a sake, kai a sunkuye.

A gaya wa ma'aikatan jinya abu uku a rubuce a kan gadon: kada a ɗaga wuyan jaririn baya, kada a hura masa iska ta takunkumi sai in rai ake ceto, kuma bututun zuƙa kada ya wuce tsayin da aka yi wa alama, wanda bai kai wurin ɗinkin ba. A kwanakin farko a lura da yawu a bututun fitar da ruwa da aka bari a ƙirji, ko zazzaɓi, ko iska a ƙirji, alamun ɗinkin ya yi yoyo. Kuka a dishe na nuna an taɓa jijiyar murya. Tari mai ƙara kamar haushi, da ɗaukewar numfashi lokacin shan nono, laushin bututun iska ne. Mafi yawa yakan ragu yayin da yaro ke girma, mai tsanani kuma akan ɗaga babbar jijiyar jini a ɗinke ta a bayan ƙashin ƙirji don ta janyo bangon bututun ya buɗe.

Yaran nan sukan dawo tebur don a faɗaɗa wurin haɗin in ya ƙuntace. Inda aka ɗaure fistular yakan bar ɗan aljihu a bangon baya, kuma bututun numfashi na iya shigewa cikinsa ko bayan shekaru, ƙirji ya ƙi tashi alhali an ga bututun ya wuce igiyoyin murya. A rubuta wurin fistular, da nisanta daga mararraba, da lambar bututun da aka yi amfani da shi, a katin da iyaye za su riƙe.